Glow ko Saber: wanne zai sa layukanka ƙyalli a After Effects?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka bidiyon fararen layuka masu zagaya tambarin wani shagon waya a Agege, mai shagon yana so su riƙa haske irin na fitilar neon, kana tambaya ko Glow da ke cikin After Effects, manhajar yi wa bidiyo kwalliya, ya isa ko sai ka sauko da Saber da ake ta yabo. Tun da bidiyo aka ba ka, ba fayil ɗin da aka zana layukan a ciki ba, Glow ne naka. Bari in faɗa maka dalili.

Saber fulogin ne, wato ƙarin kayan aiki da ake ɗora wa manhajar, na kyauta daga Video Copilot, kamfanin Andrew Kramer, ya fito a 2016. Ba hoto yake dubawa ba, hanya yake bi. Ka ɗora shi a kan leya mai launi ɗaya, ka zana masa layi da alƙalamin manhajar ko ka ba shi rubutu, shi kuma ya ƙirƙiri haske a kan wannan hanyar: ciki fari tas, gefe launi, har da wuta da hayaƙi da tartsatsin lantarki in kana so. Da Start Offset da End Offset kake sa hasken ya taso daga wannan ƙarshe ya tafi wancan. In layin naka ne tun daga farko, ban san abin kyauta da ya kai shi sauri da kyau ba. Amma bidiyon da aka riga aka fitar ba shi da hanyar da Saber zai bi. Za ka iya sa Auto-trace ya fitar maka da hanyar, sai dai gefen layin yake zagayawa, ba tsakiyarsa ba, kuma yakan yi rawa daga firam zuwa firam. Kafin ka gyara wannan, man janareta ya ci ribar aikin.

Glow kuwa babu ruwansa da hanya. Wuraren da suka fi haske a hoton yake nema, ya baza su. Shi ya sa yake aiki a kan kowane bidiyo. Mutane na raina shi ne don suna ɗora guda ɗaya yadda ya zo, Threshold (iyakar hasken da zai fara kamawa daga kai) 60, Radius (faɗin bazuwar hasken) 10, su ga wani dishi-dishi kamar hazon hunturu a kan layin, su ce ba shi da kyau. Haske na gaskiya ba haka yake ba. Yana da ƙarfi sosai a jikin fitilar, sannan ya ragu da sauri: in nisa ya ninka, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, amma bai yanke gaba ɗaya ba, yana da doguwar jela. Glow ɗaya ba ya iya wannan. Uku suna iyawa. Na farko mai ƙaramin Radius, kamar 10, ya rungume layin. Na biyu kamar 50. Na uku 200 ko fiye, ka rage masa ƙarfi sosai, aikinsa kawai ya rina duhun da ke kewaye.

Kafin duk wannan, duba ƙasan tagar Project inda aka rubuta 8 bpc, wato ma'aunin zurfin launi, ka danne Alt ka latsa shi har ya koma 32. Wannan ne abin da na fi so ka riƙe. A 8, kowane launi matakai 256 kawai gare shi, kuma fari shi ne iyaka. A 32 haske na iya wuce fari, sai cikin layin ya ƙone fari fat, gefensa ya riƙe launi. Kwamfutar za ta ɗan yi nauyi, musamman irin na hannu da yawancinmu muka saya a kasuwar Computer Village ta Legas, don haka ka yi aikin a rabin inganci, ka mayar cikakke lokacin fitarwa.

Abu biyu za su iya ba ka wahala. In mai shagon ya ce shuɗi yake so kuma ka riga ka rina layin, shuɗi duhu ne a idon Glow, zai faɗi ƙasa da Threshold, ka ga babu abin da ya faru. Ko ka sauke Threshold ɗin, ko ka bar layin fari ka sa launin ta A & B Colors da ke cikin Glow. Na biyu, bayan bidiyonka baƙi ne. In za ka ɗora shi kan hoton shagon, ka mayar da yanayin haɗa leyar (blending mode) zuwa Screen ko Add, baƙin zai ɓace.

Akwai Deep Glow na Plugin Everything, wanda ke yin aikin waɗancan ukun da dannawa ɗaya, kuma hasken nasa ya fi laushi. Na kuɗi ne, da dala ake biya. Ga mai irin wannan aikin kowane mako, ya cancanci kuɗinsa. Don talla ɗaya, a'a.

Tun da a WhatsApp da Instagram za a kalli tallar, ka sani suna matse bidiyo, kuma inda haske ke narkewa cikin duhu nan ne yake fara fashewa zobe-zobe. Ka ɗora Noise, wato ɗige-ɗige kamar yashi, kaɗan, kashi biyu ko uku cikin ɗari, a saman komai. Ka tura wa kanka ka duba a wayarka kafin mai shagon ya gani.

In kuma za ka iya samun wanda ya zana layukan ya turo maka ainihin fayil ɗin, to magana ta sauya: kwafi hanyar ka manna wa Saber, ka ƙara Glow ɗaya mai faɗi a samansa.