Hague ko Dakar: ina za a kai wanda ya kashe farar hula?

Tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ICC, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke birnin Hague, a 2025, gardama ta ƙi ƙarewa a fadojin shayi na Maradi. Masu cewa kotun Hague tana nuna son kai suna da hujja. Tun kafuwarta a 2002, duk wanda ta ɗaure kan laifin yaƙi ɗan Afirka ne. Amurka ba ta ma cikinta, sammacin Putin da na Netanyahu kuwa har yau takarda ce kawai.

Dakar fa? Can kotun da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa ta yanke wa tsohon shugaban Chadi, Hissène Habré, ɗaurin rai da rai a 2016. Matan Chadi da aka ci zarafinsu suka tsaya gabansa ido da ido suka ba da shaida, shi kuma yana zaune da rawani da baƙin tabarau, ya ƙi cewa uffan. Ni dai wannan ta fi kwanta mini. Sai dai Habré ya faɗi tun 1990, kuma da yana kan mulki babu alƙalin da zai taɓa shi.