Wata takwas ɗan yayata yana akadamin ƙwallon unguwarmu, ga abin da na gani

Tun da mutane suka fara ganin yaron gidanmu yana fita da sassafe da jaka a kafaɗa ake ta tambayata, wai ina yake zuwa, nawa ake biya, kuma da gaske ne ya bar zaman bakin kwalbati. To nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani, don wallahi na gaji da maimaitawa a teburin mai shayi. Ba zan kama sunan wurin ba, saboda akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan kushe, kuma kocin mutum ne mai mutunci bana so a ce na zo na yi masa tonon silili. Akadami ce dai irin ta unguwa a nan Kano, filin wata firamare suke ara, yara sun kai hamsin, an raba su gida biyu, 'yan ƙasa da 13 da 'yan ƙasa da 16.

Yaron shekararsa 14, babansa ya rasu yana aji huɗu, riƙonsa ya dawo hannuna shi da uwarsa da ƙanwarsa. Ni kuma ina Kwari tun safe sai magariba, in na dawo a gajiye nake, abin da nake iya yi kawai in tambaya ya ci abinci ya yi sallah, shikenan. Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da uwarsa ta zo wanki ta laluba aljihun wandon makarantarsa ta ciro 'yar ƙaramar wuƙa an naɗe kotar da roba. Duk wanda ya san garin nan da zancen daba da ƙwacen waya ya san ma'anar wannan, ba sai an yi masa fassara ba. Ga kuma ƙwaya, tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma ka zagaya lungu da daddare ka ga ko yaran nan sun rasa abin sha. Na yi faɗa, na yi duka, na ƙwace waya, duk a banza, sai ma ya koma baya kallon idona. Abu ɗaya ne na san yana so tsakani da Allah, ƙwallo. Kuɗin tara ma tarawa yake ya kai gidan kallo.

Ranar da na kai shi na ɗauka za a fara min da daɗin baki irin na masu neman kwastoma. Kocin ya gaishe ni, ya kalli yaron sama da ƙasa, sai yace, "Kawu, in Turai kuke nema masa gara ku gwada wani wurin, ni ban taɓa kai kowa Turai ba. Amma in kun bar min shi, to ku bar min shi." Na biya dubu 5 na fom, wata kuma dubu 3. Takalmi na gwanjo na sayo masa a Kofar Wambai, don ban yarda zai yi sati biyu ba balle in kashe kuɗin sabo.

Tsarin nasu ya burge ni tun farko saboda bai ci karo da karatu ba. Asabar da Lahadi ƙarfe 6 da kwata na safe, sai Alhamis da Juma'a bayan la'asar tunda ranakun babu Islamiyya. Wanda ya makara zai zagaya fili sau biyar, wanda ya makara sau uku a wata ba zai buga wasan da ke gaba ba ko da shi ne Pele. Kowa shi zai wanke jesinsa, kuma kocin har sunsunawa yake in ya yi zargi, yace uwarka ba 'yar aikinka ba ce. Ƙarshen kowane zango sai ka kawo katin sakamakonka na makaranta ya gani da idonsa, ba wai sai ka zo na ɗaya ba, a'a, so yake ya ga ko ka yi gaba ko ka yi baya, da kuma layin nan na kwana nawa ka yi fashi. Kyaftin kuma ba na dindindin ba ne, duk wata ake canzawa, kuma wanda ke da kambun shi ke riƙe littafin asusu, naira ɗari ɗari da yara ke kawowa duk sati ta ruwan leda da ɗinkin ƙwallo.

Duk waɗannan dokoki ne, kowa ma zai iya rubuta su a kwali ya manna. Inda na san mutumin nan da gaske yake shi ne wata na uku. Ana gasar unguwanni, namu yana buga lamba biyu, kuma a lokacin shi ne ɗan bayan da suka fi dogara da shi. Wani yaro na ɗaya ƙungiyar ya taka shi da gangan, ya kuma haɗa masa da zagin uwa, ni ina bakin layi na ji da kunnena. Namu bai yi wata-wata ba ya kwaɗa masa mari, alƙali ya ɗaga jan kati. Gaskiya ni a raina nace ai da ni ne ma abin da zan yi kenan. Ana tashi koci ya riƙo hannunsa, ya taka da shi har can inda 'yan ɗaya ƙungiyar suke zaune suna shan ruwa, ya sa shi ya durƙusa ya gaida kocinsu, ya miƙa wa yaron da ya mara hannu, ya dawo ya ba alƙali haƙuri. Sannan yace wasa uku ba zai buga ba, amma dole ya zo kowanne, kuma shi zai ɗauko buhun ruwa a kai daga shago zuwa fili.

Daren nan bai ci tuwo ba. Yana kuka yana cewa Kawu ni aka zaga fa, ni aka taka, na daina zuwa. Uwarsa ma ta shiga tsakani, tace ƙanina ka je ka roƙa masa mana, maraya ne. Na shirya na je washegari, ban ma gama buɗe baki ba kocin yace, "Kawu don Allah kar ka ɓata min aiki. Yau mari ne a fili akwai alƙali, gobe a lungu waye zai busa usur?" Na ja bakina na yi shiru. Wasa na uku da yaron ke benci shi ne na kusa da ƙarshe, aka ci su 2 da 1, kuma duka ƙwallayen ta ɓangarensa suka shigo, iyaye na ta ihu a saka shi a saka shi, dakatarwar alƙali ma ta riga ta ƙare tun wasan farko, babu abin da ya hana. Kocin ko juyowa bai yi ba. Ya yarda a fitar da ƙungiyarsa daga gasa a kan ya janye maganarsa. Ni dai ban san koci nawa ne a garin nan za su iya haka ba, mu manya ma da muke cika filin Sani Abacha kun san halinmu in alƙali ya busa abin da bai mana daɗi ba.

Watan da kambu ya zo kansa ma an ɗan yi ƙaramar dirama, lissafi ya yi giɓin naira 700, ashe data ya saya. Ba a dake shi ba, an sa shi ya tsaya gaban yara ya faɗi inda kuɗin suka shiga, sannan ya zo shagona Asabar biyu yana ninke atamfa na biya shi ya je ya cike. Tun daga nan ko canjin aike ya kawo sai ya ƙirga min a hannu.

Bayan kowane tirenin akwai zaman minti goma a ƙasa, kuma wannan zaman ni a ganina shi ne abin da nake biya wa kuɗi. Wani lokaci kocin ne ke magana, wani lokaci ya gayyato baƙo, an taɓa kawo wani ma'aikacin asibiti ya yi musu bayanin abin da tiramol ke yi wa mutum, an kuma kawo wani da ya yi tashe a ƙwallon unguwa gwiwa ta kwantar da shi, yanzu yana gyaran waya a Farm Centre yana riƙe da iyalinsa. Ran nan na tsaya na saurara, ya tambaye su labarin Ahmed Musa, kai ka ji yara kamar hadda, ƙwallo 18 a kaka ɗaya da Pillars, ya tafi Holan, ya je CSKA Moscow, Leicester a 2016, ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018. Ya bari suka gama sannan yace to ku faɗa min sunan mutum uku da suka taso tare da shi a filayen Jos. Tsit. Yace su ma fa sun iya ƙwallo. Ya kawo musu misalin Masu Gida kansu, wato Kano Pillars, lig huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ga kofin 2019, amma a 2022 suka faɗa rukuni na ƙasa sai da suka sake hawowa. Wannan misalin ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi don ni shekarar nan ko rediyo bana son kunnawa, amma dai gaskiya ya faɗa.

To yanzu ga inda suka gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Filin nan Allah ne kawai ke tsarewa. Tsakuwa, ramuka, wani gefen har fasassun kwalabe sai yara sun bi sun tsince kafin a fara. Babu akwatin taimakon gaggawa ko na ganin dama. A gabana wani yaro ya gurɗe a idon sawu, abin da aka yi masa shi ne aka fasa ruwan leda aka zuba, aka shafa man zafi, aka ɗora shi a adaidaita aka ce a kai shi wurin mai ɗori. Yara hamsin suna biyan dubu uku uku a ce babu ko bandeji, haba.

Sai maganar kuɗi. An ce dubu 3 a wata amma kusan duk sati biyu sai yaro ya zo da sabon saƙo, kuɗin mota, kuɗin shiga gasa, kuɗin sabuwar jesi, kuma babu rasit ko ɗaya. Ban ce ana ci ba, ina ma kyautata zaton daga aljihunsa yake cikawa wani lokacin, amma mutumin da ya sa yaro ya tsaya gaban jama'a a kan naira 700 ya kamata shi ma nasa littafin ya zama a buɗe. Na faɗa masa haka, ya yi dariya yace za a gyara, har yau dai shiru. Mataimakinsa kuma wani matashi ne mai zafin kai, yaran da aka hana ashariya shi yana ɗura musu ita in ransa ya ɓaci, kuma ba a taɓa sa shi zagaya fili ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne rage shekaru. A 'yan ƙasa da 16 ɗinsu akwai biyu da ko makaho ya shafa haɓarsu ya san sun wuce, ɗaya ma na san shekarar da aka yi sunansa don na ci shinkafar. Na yi wa koci magana a keɓe, sai ya sunkuyar da kai yace Kawu kowa haka yake yi, in ka kai yara zalla karya maka su za a yi. Na fahimci uzurinsa amma ban karɓa ba. Ƙasar nan ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma kowa ya san surutun da ake yi a kan shekaru har ta kai FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu tun 2009, to daga irin filayen nan abin yake farawa. Ka koya wa yaro gaskiya ranar Alhamis, ranar Asabar ya ga an rubuta wa abokinsa shekarar ƙarya a takarda, wanne zai ɗauka? Namu ma ya taɓa tambayata ko za a yi masa sabuwar takardar haihuwa, nace ko da wasa kar in sake ji.

Akwai kuma masu zuwa bakin fili da baƙin gilashi da ƙatuwar waya wai su ejan ne. Ɗaya ya same ni yace yaron yana da kyau, akwai gwaji a Turkiyya, in kawo kuɗin biza da tikiti. A nan kam na yaba wa koci, don da ya gan shi korar kare ya yi masa, kuma shi ya fahimtar da mu cewa dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa kulob na wata ƙasa sai da wasu 'yan sharuɗɗa, kamar a ce iyayensa ne suka koma can don wani dalili da ba na ƙwallo ba. Sai dai mutumin ya riga ya karɓi lambobin wasu iyaye, kuma na ji an ce wata baiwar Allah har ta sayar da keken ɗinkinta. Da tun ranar cike fom ake yi wa iyaye wannan gargaɗin da ba a kai nan ba.

Shi yaron fa, ba waliyyi ya zama ba. Har yanzu yana tsokanar ƙanwarsa, lissafi har yanzu da ƙyar, kuma ƙwallon nasa in za a faɗi gaskiya tsaka-tsaki ne, gudu akwai amma ƙafar hagu kamar ta aro. Amma shi ke tada kansa da asuba har ya buga min ƙofa, zangon da ya wuce kwana biyu kawai ya yi fashi su ma zazzaɓi ne, 'yan kwalbati in sun kira shi hannu yake ɗaga musu ya wuce don ƙarfe tara yake kwanciya, kuma in ina masa magana yanzu yana kallona. Uwarsa har yau tana laluba aljihu kafin wanki, abin da take samu bawon gyaɗa ne da igiyar takalmi.

In za ka kai naka, a nan ko a wani wuri, kar ka tsaya kallon kofunan da aka jera ko hoton da aka ɗauka da wani babban ɗan wasa. Je ranar wasa ba tare da ka sanar ba, ka tsaya nesa, ka ga abin da kocin zai yi in gwaninsa ya yi laifi kuma ana cin su. Ka tambayi jimillar abin da za ka kashe a zango ba na wata kawai ba, ka kuma tambaya in yaro ya ji ciwo ina ake kai shi.

Ni dai na biya na wannan watan, na kuma sayo masa sabon takalmi tunda na gwanjon ya buɗe baki. Mu iyaye shida mun haɗa kuɗi za mu sayi akwatin magani, da sharaɗin ranar da za mu miƙa shi koci zai fito mana da littafin rasit. Yace Juma'a mai zuwa.