Great Circle Mapper: ma'aunin nisan jirgi daga Damagaram zuwa Jidda

Mai niyyar Umra ko fatauci daga Damagaram yakan tambayi kuɗin tikiti, ya manta da tambayar nisan da za a zagaya da shi. Shafin Great Circle Mapper, wanda kyauta ne a intanet, wannan tambayar yake amsawa, kuma a ganinmu yana amsa ta da kyau.

Haruffa uku na filin jirgi ake rubuta masa: ZND Damagaram, NIM Yamai, KAN Kano, JED Jidda, MED Madina. Ka rubuta ZND-JED, ya ja layi a taswira, ya nuna kimanin kilomita 3,300. Ka rubuta ZND-NIM-JED, lissafi ya sauya: kusan 750 zuwa Yamai, sannan kusan 4,000 daga filin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda. Wato mutumin Damagaram sai ya yi yamma tukuna, ya dawo ta saman yankinsu, kafin ya fuskanci gabas. Daga Kano kuwa nisan bai wuce 3,400 da ɗoriya ba.

Inda shafin ya fi amfani shi ne tikitin da ke da zango. Yamai zuwa Jidda ta Addis Ababa kusan 5,400 ne, ta Istanbul kuma kusan 6,400. Bambancin kilomita 1,000 ya haura awa ɗaya a sama, kuma ga dattijo mai ciwon ƙafa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lissafin lokacin ba wuya: jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 850 a awa, sai ka raba nisan da wannan, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka. Yamai zuwa Jidda kai tsaye zai kama awa biyar da 'yan mintoci. A tuna agogon Saudiyya yana gabanmu da awa 2.

Sai dai a kiyaye. Da farko da mil yake nuna nisa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka a sauya ma'aunin kafin a karanta adadi. Harafi ɗaya ya kuɓuce, an bar hanya: MAD Madrid ce ta Sifaniya, ba Madina ba. Turanci kaɗai yake ji, wanda ya yi karatu da Faransanci zai ɗan laluba.

Babban naƙasunsa shi ne hanya mafi gajarta yake aunawa, ba wadda matuƙi zai bi ba. Layin Jidda ta Chadi da Sudan yake ratsawa, alhali tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa suke kauce wa sararin samaniyarta. Bai san iska ba, bai san awannin jira a filin jirgi ba, bai kuma gaya maka ko akwai jirgin da ke bin hanyar. Waɗannan sai a tambayi mai sayar da tikiti, a sa ya nuna lokacin tashi da sauka na kowane zango a rubuce kafin a biya.