Matatar mai da hanyar sanyaya inji: abin dubawa kafin ka saya wa jirginka na naitro a Yamai

Mu da muke sakin ƙananan jiragen ruwa masu rimot a Kogin Isa, abokan gabarmu biyu ne, ƙura da laka. Injin O.S. na Japan ko Novarossi na Italiya, ko na wa ka sayo, waɗanda suka ƙera shi ba su yi lissafin hunturun Yamai ba, ba su kuma san jan ruwan da kogi ke kawowa a Agusta da Satumba ba. Shi ya sa nake cewa kafin ka zuba kuɗi a kan farfela ko salansa mai tsada, fara da matatar mai da tiyon ruwa.

Man naitro haɗi ne na metanol da naitrometan da man gogayya, ko dai man zurma ko na masana'anta. Yana bi ta wata 'yar ƙofa da allurar karbureta ke buɗewa, ƙofar da ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta rage mata faɗi. Da mai ya ragu, iska ta yi yawa, sai inji ya ɗau zafi, kuma da yake man gogayyar a cikin man yake, shi ma ya ragu ke nan. Inji mai cc 3.5 da ke juyi sama da dubu 25 a minti ba ya jure wannan.

Matata iri uku za ka gani. Akwai ta alminiyam mai zare, wadda ake sa wa tsakanin tanki da karbureta, da 'yar raga a cikinta. Ita nake so, domin ana kwance ta, a wanke ragar da ɗan mai, a mayar. Aibinta ɗaya ne: in zoben robar da ke tsakiya ya tsage, za ta riƙa zuƙo iska, ka yi ta murɗa allura ba ka gane inda matsalar take ba. Ranar da ka sayo ta, toshe baki ɗaya da yatsa, ka tsoma ta a kofin ruwa, ka hura ta ɗaya bakin da tiyo. In ka ga kumfa, gyara ta tun a gida, sannan ka shanya ta sosai. Akwai kuma mai jiki garai-garai, irin Crap Trap ta kamfanin Sullivan, wadda kana kallon dattin da ta kama. Tana da daɗi ga wanda yake koyo. Ta uku ita ce wadda ke zaune cikin tanki a bakin tiyo, ta tagulla mai ƙananan ƙofofi ko ta auduga. Tana rage kumfa idan jirgi na dukan igiyar ruwa, amma duba ta sai an buɗe tanki, kuma mutum yakan manta da ita har ta toshe.

Matatar moto da ake samu a Katako da arha, bar ta wa moto. Ta yi girma, tana tara iska, kuma don esansi aka yi ta. Haka tiyo: man naitro na silikon yake so, mai rami kamar milimita 2.4.

Abin da da yawa ba sa yi shi ne sa matata ta biyu a bakin gorar da ake ɗura mai da ita. A Disamba da Janairu, minti biyu kacal ka bar gora a buɗe a bakin kogi, ƙura ta shiga. Metanol kuma yana jan laima daga iska, don haka a rufe gam, a ajiye a inuwa. Man nan daga waje yake zuwa, kuma da yake mai kama wuta ne ba a cika yarda a ɗauko shi a jirgin sama ba. Asarar lita ɗaya tana da ciwo.

Sai batun sanyaya. Injin jirgi a rufe yake cikin jiki, iska ba ta isa gare shi, ruwan kogi ne ke zagaya kansa ya fita. Abin zaɓi shi ne inda ruwan zai shigo. Mashigar da aka huda a jikin wuƙar da ke juya akalar jirgi ba ta ƙara wani abu da zai ja jirgin baya, sai dai tana son gudu kafin ruwa ya hau sosai. Ɗan bututun tagulla da ake kafawa bayan farfela kuwa yana samun ruwan da farfelar ke turowa, ko a hankali kake tafiya. Mashigar ƙasan jirgi ban ba da shawararta a nan ba, ita ce ta fi kwasar ciyawa. Ni na wuƙar akala nake amfani da shi, amma na zaɓi mai faɗin baki, da tiyo mai rami milimita 3, don laka ta wuce. In akwai wuƙar akala mai mashiga biyu, saye ta: ɗaya ta tafi kan inji, ɗaya ta tafi wuyan salansa.

Na koyi darajar mafitar ruwa da tsada. Wata yamma a ƙarshen damina, jirgina na farko mafitarsa a baya take, ba na ganinta daga gaɓa. Na ji kukan injin ya ƙara kaifi, na ɗauka daɗin gudu yake ji. Da ya mutu, wani mai kwale-kwale ya taimaka ya turo mini shi, na taɓa kan injin da jiƙaƙƙen yatsa ya yi cuu. Wani siririn saiwar kainuwa ne, bai kai tsinken ashana ba, ya naɗe a bakin mashiga. Fistan ya karce, sai da na jira sabo wata da watanni. Don Allah, ɗan'uwa, sayi mafitar da za ka kafa a gefen jirgi, ɓangaren da ke fuskantarka idan yana wucewa, ka riƙa ganin ruwan na tsartuwa. Da ka ga ya tsaya, rage wuta ka dawo da shi.

Sanyi ma in ya yi yawa ɓarna ne. Yawancin injunan nan ba su da zoben fistan. Hannun silinda, wato bututun da fistan ke kai da komowa a ciki, a matse yake daga sama, sai ya ɗau zafi yake buɗewa daidai. A sanyin Janairu, in ruwa na kwarara da yawa, inji ba ya kai zafinsa, yana ta cin kansa. Maganin ɗan zoben ƙarfe mai ƙusa ne da za ka ɗan matse tiyon fita da shi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai ka sake shi gaba ɗaya. Famfon lantarki na tura ruwa, jirgin gudu ba ya bukatarsa.

Ƙara sirinji babba a cikin sayayyarka, kowane kantin magani akwai. Bayan kowace fita, ɗebi ruwan leda mai tsabta ka tura ta mafita ya fito ta mashiga, har sai jan ya daina fitowa, sannan ka zuƙe man da ya rage a tanki, ka ɗiga man kariya a cikin inji kafin ka ɗaure jirgin a bayan moto.