Sharhi: Bakin Jigso Mai Tsakin Kabayid Wajen Yanka Faiba

Bakin nan na jigso, wato ƙaramin zarton lantarki na hannu, ba shi da haƙora ko ɗaya. Tsakin kabayid ne, wani sinadari mai tsananin tauri, aka liƙe a gefensa, kamar samfefa mai kaushi, don haka goge faiba yake yi har ya raba ta. Na gwada shi a kan farantin faiba mai kaurin milimita 3 da kuma kwanon rufi mai haske, kuma a ganina ya fi bakin yanka katako nesa ba kusa ba.

Faiba zaren gilashi ne da aka daskarar cikin rezin, wato wani irin gam mai daskarewa ya yi tauri. Gilashin yana cinye haƙoran ƙarfe nan da nan, kuma da sun dakushe sai su riƙa fizgo zaren, gefen ya yi buzu-buzu, fuskar mai sheƙi ta ɓantale. Wannan bakin ba ya fizga. Aibinsa dai jinkiri. Mai gaggawa da ya danna shi da ƙarfi zai ji warin rezin yana ƙonewa, tsakin ya toshe, layi ya yi baƙi.

Sai an shirya aiki yake kyau. A manna salatif na takarda a kan layin gaba da baya, a zana layin a kansa, a kifa fuskar mai kyau ƙasa. A ɗaure farantin tam a kan katako, layin yanka kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 daga bakin teburi, domin karkarwa ce ke jawo farin tsagun nan da ba sa gyaruwa. A mayar da maɓallin lilon baki zuwa 0, gudu matsakaici. In rami za a fitar a tsakiya, a fara huda ƙofa ta milimita 10. Dab da ƙarshe a tallafi guntun da zai faɗi, in ba haka ba ya karye ya tafi da kusurwa.

A kan kwano mai tudu da kwari kuwa bai burge ni ba, tsalle yake yi. Nan giranda mai faifan dayamon na milimita 115 ta fi shi, sai dai ƙurarta ba a magana.

Shi ma jigson yana tayar da ƙura, kaɗan ce kawai. Takunkumin asibiti ba ya tare ta. A nemi takunkumi mai lamba FFP3 ko P100, in babu, aƙalla N95 da ya kama fuska. A sa tabarau mai rufe gefe, da safar hannu, da riga mai dogon hannu, a yi aikin a fili. Kada a share da tsintsiya ko a hure da iska, tsumma mai laima ya isa bayan an zare wuta. Idan hannu ya fara ƙaiƙayi kada a sosa: a ɗaga zaren da salatif, a wanke da ruwan sanyi da sabulu, tufafin kuma a wanke su su kaɗai.

Gefen da aka yanka yana da kaifi. A bi shi da samfefa mai lamba 120 a jiƙe, a bar shi ya bushe, sannan a shafa rezin siriri don kada ruwa ya bi zaren ya shiga ciki.