Na biya fam 250 a tono mini asalin surukata: ga yadda muka kwashe da mai binciken

Tun ranar da na fara zuwa gidansu maiɗakina neman aure nake jin labari ɗaya a bakin surukata. Wai wani kakansu na can sama matuƙin jirgin ruwa ne kuma ɗan kasuwa a Whitby, kuma da shi aka yi tafiyar Kyaftin Cook zuwa Ostireliya. Whitby ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin Ingila, daidai inda kogin Esk ya faɗa teku, kuma ba ka rasa gidan da ke da irin wannan labari a can, kamar dai yadda a wurinmu ba ka rasa mai cewa kakansa ne ya riƙe wa Shehu tuta. Da Mama, wato surukar tawa, za ta cika shekara tamanin sai na ce bari in ba ta kyautar da ba turare ba, ba zane ba: in nemo mata mutumin nan a takarda.

Da kaina na fara. Na biya kuɗin wata uku a ɗaya daga cikin manyan shafukan binciken salsala, na yi ta hawa sama lafiya ƙalau har ƙidayar 1841. Nan mota ta ƙi gaba. Ashe a Ingila gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai 1837, kafin nan sai littattafan coci. Na tarar da zanen salsala har guda tara da wasu suka ɗora, duk da sunan mutuminmu, amma a ɗaya ya haifi ɗa yana da shekara takwas, a wani kuma ya yi aure bayan an binne shi. Kowa kwafar na wani yake yi. Shi ya sa na nemi wata Baturiya mai zaman kanta da wannan ce sana'arta, ta ƙware a kan ma'aikatan jiragen ruwa na yankin Yorkshire, inda Whitby take. Muka shirya a kan awa goma, fam 250, rabi kafin ta fara.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Ta ce mako shida, sai da aka ci wata huɗu. Bikin Mama ya zo ya wuce, hannuna babu komai sai alkawari. Saƙo uku na aika kafin in sami amsa, har na fara cewa a raina, ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan kuɗin kwafin takardu daban ne, ba ta faɗa mini da baki ba, yana can ƙasan yarjejeniya da ƙananan haruffa, kuma laifina ne da ban karanta ba. Wasiyyar kakan nan da ta caje ni kuɗin nemowa, daga baya na ga ina iya sauke ta da kaina daga shafin babbar ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew a Landan. Hotuna biyu kuma da waya ta ɗauka, gefen shafi ya yi duhu, sai da ta sake.

Amma da rahoton ya iso, shafi goma sha huɗu, sai na sauko.

Abu na farko da ta yi shi ne raba mini mutum biyu da aka cakuɗa. Suna ɗaya, gari ɗaya, cocin St Mary ɗaya, ɗan wa da ɗan ƙane. Abin da ya rikita masu kwafe-kwafen nan kalanda ce. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, ba 1 ga Janairu ba. Saboda haka in ka ga an rubuta baftisma a Fabrairun 1730, a lissafinmu na yau 1731 ke nan, kuma tana zuwa ne bayan Disamban 1730, ba gabansa ba. A 1752 ɗin ma aka tsallake kwana goma sha ɗaya, aka kwana 2 ga Satumba aka wayi gari 14. Ni da na girma da kalanda biyu a bangon ɗaki ban taɓa tsammanin Turawa sun sha wannan ruɗani ba. Ta jera yaran kowane gida wata bayan wata, sai ga shi sarai wane ne ɗan wane.

Sai kuma inda na fi jin daɗi, maganar sisi. A 1747 aka yi doka cewa a riƙa cire sisi a kowane wata daga albashin ma'aikacin jirgin kasuwa, don a taimaki waɗanda suka naƙasa a teku da matan da aka mutu aka bari da marayu. Don a san wa ya biya, dole shugaban jirgi ya miƙa jerin sunayen mutanensa. Na garuruwa da yawa sun ɓace, amma na Whitby suna nan a gidan tarihin garin da ke Pannett Park. A ciki ta ga mutuminmu yana hawa mataki mataki, daga ma'aikaci zuwa mataimakin shugaba, har ya zama shi ne mai jirgi a hannu. Da na kira mahaifina a Zariya na ce masa sisi, dariya ya yi, ya shiga lissafa mini: kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, sisi rabin sule, taro rabin sisi. Shi da ya yi kasuwa da kuɗin nan kafin naira ta zo a 1973, ya fi jikokin mai wasiyyar saurin gane lissafin da ke cikinta.

Jiragen da ya yi aiki a ciki na dakon kwal ne, daga kogin Tyne zuwa Landan, su je su dawo. Daga baya ya juya gabas. A nan ta nuna mini wata taska da ban taɓa jin labarinta ba. Duk jirgin wata ƙasa da zai shiga tekun Baltik ta mashigar da ke tsakanin Denmak da Suwidin, sai ya tsaya a Helsingør ya biya sarkin Denmak kuɗin fito, kuma ba a daina karɓa ba sai 1857. Malaman kwastan na can suna rubuta sunan shugaban jirgi, garinsu, inda ya fito, inda ya nufa da abin da ya ɗauko. An sa littattafan a intanet, kyauta. Matsalar ita ce ɗan Denmak ne ke rubuta sunan Bature ɗan Ingila yadda kunnensa ya ji, don haka sunan mutuminmu ya fito da rubutu iri uku. Ni da na nema da rubutu ɗaya, ban ga komai ba. Ita ta san yadda suke lauya haruffa, sai ga shi yana dawowa daga birnin Riga da katako da zaren igiya. Wannan sanin makamar shi na biya, ba awa goman ba.

Wasiyyar ta fi komai taɓa ni. Kafin 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya a Ingila. Mutumin Whitby, kotun cocin York ya kamata a nufa, amma shi da yake da dukiya a Landan ma, sai aka kai tasa kotun Canterbury. Rubutun akawu ne, a cunkushe, babu waƙafi babu aya, ga wata doguwar “s” mai kama da “f” da ta sa na yi ta karanta shirme. Ta kwafe shi layi bayan layi. Ya buɗe da sunan Allah, ya ce yana shirin tafiya kuma ya san haɗarin teku, wanda ta ce haka yawancinsu ke farawa. Ya bar wa matarsa gida da gado da shimfiɗarsa, ya bar wa babban ɗansa agogon azurfa da na'urar auna tsayin rana, sannan kashi ɗaya cikin goma sha shida na wani jirgi. A lokacin ba safai mutum ɗaya ke mallakar jirgi sukutum ba, yanka shi ake yi hannu hannu, kowa ya sayi daidai ƙarfinsa, don in teku ta ci kada ta ci mutum ɗaya. Ta haka matuƙi ke rikiɗa ya zama attajiri.

Akwai tambayar da na yi mata wadda ban gaya wa maiɗakina ba sai daga baya. Ni baƙar fata ne, 'ya'yana kuma jinin mutumin nan ne. Ɗan kasuwar teku na Ingila a ƙarni na 18, dole zuciya ta raya maka cinikin bayi, wanda ba a hana ba sai 1807. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta duba rumbun SlaveVoyages, mai bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi kusan 36,000, babu sunansa cikin shugabannin jirgi ko masu jirgi, kuma wannan ciniki Liverpool da Bristol da Landan ne suka riƙe shi, Whitby kuwa kwal da katako da farautar kifin whale ta sa gaba. Amma ta ƙara da cewa rumbun ba ya kawo sunayen ƙananan ma'aikata, kuma akwai shekarun ƙuruciyarsa da ba ta gan shi a ko'ina ba. Da ta ce mini kawai “babu komai”, da na fi samun barci, amma da ban yarda da sauran rahoton ba.

To, Kyaftin Cook fa? Babu. Jirgin Endeavour, wanda Cook ya yi tafiyar da shi, lallai a Whitby aka ƙera shi a 1764, na dakon kwal ne kafin sojan ruwa su saya, ya kuma tashi a 1768. Sunan duk wanda ya shiga yana cikin littafin sojan ruwa a Kew, kuma namu ba ya ciki. Iyakar haɗinsu, Cook ya zo Whitby a 1746 ya koyi aiki a jiragen John Walker, ya tafi soja a 1755, ke nan sun yi shekaru suna bin hanyar kwal ɗaya.

Na sha fargabar kai wa Mama wannan shafi. Ta sa tabarau, ta karanta sau biyu, ta ajiye, ta ce, “To ai dai sun san juna ke nan.” Ban yi mata musu ba, suruka ce. Washegari na ji tana ba maƙwabciyarta labari a waya, Cook ya koma abokin aiki.

In za ka ɗauki mai irin wannan aiki, ka gama duk abin da ya biyo bayan 1837 da kanka tukuna, kada awowinka su tafi a kan abin da ke buɗe ga kowa. Ka tambayi kuɗin kwafi tun farko, ka kuma ninka lokacin da aka ce maka sau uku. Ta ce akwai alamar matar mutumin ma ta bar wasiyya a cibiyar Borthwick, ma'ajiyar takardu da ke jami'ar York, sai dai wata awa biyar ce. Mama ta riga ta ce a biya, ta kuma nuna da yatsa wanda zai biya.