Farin siminti ko girawut: wanne ya dace da tsakanin tayil?

Wani ɗan'uwa ya shimfiɗa tayil mai santimita 30 da 30 a banɗaki da kicin, wajen murabba'in mita 10, yana so ya cike tsakaninsu da hannunsa. Tambayarsa: farin siminti zai saya, ko garin girawut na leda, wanda ake yi musamman don cike tsakanin tayil?

Malam, fara auna faɗin tsagin da aka bari. Farin siminti zallarsa ne, babu abin da zai hana shi tsukewa idan ya bushe. A bango, inda tsagin bai wuce milimita 2 ba, yakan zauna lafiya. Idan ya kai 3 kuwa, sai ya ja ciki, ya yi siririyar tsaga kamar gashi, ruwan wanka ya riƙa bi ta nan har ƙarƙashin tayil. Ga shan datti: manja ya ɗiga sau ɗaya a kicin, farin nan ya tafi ke nan.

Girawut ma siminti ne, amma an gauraya shi da lallausan yashi da sinadaran da ke rage tsukewa, kuma yana zuwa kala-kala. Ya fi tsada, sai dai ba da yawa ake buƙata ba. Tayil mai kaurin milimita 8 da tsagi mai milimita 3 zai ci kusan kilo 2 da rabi a wurinka. Sayi kilo 3. A ƙasan banɗaki da kicin shi ne zaɓi, kuma mai ruwan toka ya fi fari rufa asiri.

Kowanne ka ɗauka, aikin ɗaya ne. Bari tayil ya kwana, awa 24 aƙalla, 48 idan a kan kwaɓin siminti aka ɗora shi. Cire 'yan robobin tazara, ka kankare tsagin har kashi biyu cikin uku na kaurin tayil, ka share ƙura. Wanda aka shafa bisa ƙura ba ya kamawa, ɓarewa yake yi.

A wurin kwaɓi ake yawan ɓata aiki. Zuba ruwa a bokiti tukuna, sannan gari. Yawanci kilo 1 yana shan wajen rubu'in lita, amma bi abin da aka rubuta a jikin leda. Ya yi kauri kamar man goge baki. Farin siminti ne ake yawan tsinkawa kamar koko a kwarara, shi ya sa yake komawa gari daga baya, farce ma ya tono shi. Bar kwaɓin ya huta minti 5, ka sake juyawa. Kada ka kwaɓa fiye da abin da za ka gama cikin rabin awa, kuma idan ya fara daskarewa a zubar, ƙara ruwa kashe shi yake yi.

Sa safar hannu ta roba, don siminti yana cin fata. Danna kwaɓin da abin shafawa na roba (guntun tsohon silifa ma yana yi), kana ja a karkace. Idan ka bi tsagin a miƙe, kwashe shi za ka yi. Bayan minti 15 zuwa 20 ka goge da soson da aka matse sosai, kana sauya ruwa. Soso mai ɗigar ruwa yana wanke kalar, wani layi ya fito fari wani duhu. Hazon da ya rage a fuskar tayil, busasshen tsumma zai ɗauke bayan awa biyu ko uku.

Da hunturu ko zafin bazara, bushewa takan riga ƙarfi zuwa, musamman ga farin siminti. Rufe taga, ka ɗan fesa ruwa washegari, a kuma ɗaga wanka a wurin kwana 3. Kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa kuwa, farin siminti da girawut duka tsagewa suke yi a nan. Silikon, abin toshe tsagi mai laushi kamar roba, ake sa wa can.